Adashin Ruwan Inna

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa na cika yabon Mai Sikeli kamar ni na haife shi, yau sai ku gyara zama, don ba yabo na zo yi ba. Haushin kowa nake ji. Ina jin haushinsa, ina jin haushin Inna, ina jin na Baba, kaina ma ban ƙyale shi ba.

Don sababbin zuwa: ni ce autar gidanmu, da Auta ake kirana. Aikina bin gidaje da waya a hannu ina tambayar mata lafiyar yaransu, wa ya yi gudawa, wa ya yi amai, ruwan ina aka ba shi. Masu bincike daga jami'a ne suka ɗauke ni saboda ni 'yar gari ce, babu labulen da ba zan ɗaga in shiga ba. Shi kuwa shi ne babban ma'aikacinsu a nan, wanda ke rataye yaran mutane a sikeli suna tsala ihu yana duba nauyinsu, har sunan ya bi shi. Asabar mai zuwa ne manyansa za su zo wajen Baba neman aurena. Haka dai aka tsara kafin jiya.

Bokiti suke bincike a kansa, mai hawa biyu. A zuba ruwan rijiya a sama, ya riƙa ɗiga ta jikin wani farin dutse, ya taru a ƙasa garau, a murɗa ɗan famfo a sha. Ba kowa aka bai wa ba. Ƙuri'a aka jefa a bainar jama'a, rabin gidajen da ke da ƙananan yara suka samu, ɗaya rabin aka ce su jira sai damina ta wuce. Mai Sikeli ya yi min bayanin dalili har na haddace: in kowa ya samu lokaci guda, da wa za a gwada a san ko bokitin na rage ciwon ciki? Sai an ga bambanci tsakanin masu shi da marasa shi sannan manya za su yarda a raba wa ƙauyuka da yawa. Gidanmu ya ci albarkacin ɗan wana. Gidan Yaya, babbar 'yar Inna da ke aure a ƙarshen layinmu, bai ci ba. Kuma Yaya ce uwar Ƙarama, wadda ciwon ciki ya tsotse bara har wuyanta ya kasa ɗaukar kanta.

Jiya da safe ina gaban madubi, na sa doguwar rigata ruwan toka, na ɗora falmaran ɗin aiki mai tambarin jami'a a ƙirji, ina fama da allurar mayafi, sai wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Sikeli ne. “Ki same ni gidan Yaya yanzu.” Shi ke nan. Babu ina kwana, babu ya kika tashi, babu 'yar jar zuciyar da ya saba liƙawa a ƙarshe. Na rubuta, “Lafiya?” Ya karanta bai amsa ba. Mutumin da in na yi atishawa a waya sai ya sake kira ya ji ko mura ce! Na ɗauka Ƙarama ce ta sake kwantawa.

Ƙarama lafiyarta ƙalau, na tarar da ita a tsakar gida tana bin kaza da muciya. Yaya ta tafi niƙa. Surukarta, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi amma bakinta bai yi ba, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Shi kuma yana tsugune gaban wata jarka ruwan ɗorawa, ya haɗe rai kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa.

“Iya, maimaita mata abin da kika faɗa min,” ya ce da ƙarfi don ta ji.

“Adashin?” Tsohuwa ta washe baki. “Ai Allah ya yi wa Innarku albarka, 'yar nan. Ita ta haɗa mu. Duk mai bokiti an haɗa ta da marasa shi, a ɗura a jarka a aiko. Mu namu ma safe da yamma ne saboda Ƙarama, na safe daga gidan tela, na yamma daga gidanku. Tun da aka fara adashin, cikin yarinyar nan bai ƙara murɗawa ba. Ku gaya wa masu bokiti mun gode.”

Wai mun gode! Ta tona asirin gari guda tana murmushi, ta koma kan gyaɗarta.

Ya miƙe ya yi zaure, na bi bayansa.

“Kin sani?”

“Na san me?”

“Auta, a gidanku ake ɗurawa.”

“Wallahi yanzu nake ji, kamar yadda kake ji.”

Ya tsaya yana kallona, irin kallon da yake yi wa sikeli in yana zargin allurar ta karkace. Wannan kallon ya fi min zagi ciwo. Ina rantse masa yana auna ni?

Amma a cikin raina abubuwa suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Bokitinmu da ba ya hutawa. Ruwan da Inna ke sa wana ya ja kamar muna kiwon shanu. Matan layi da suka tsiri zuwa gidanmu da baho a ka an rufe da zani, wai aron turmi, wai an zo taya tsintar wake. Ni kuma ina bin su har ɗaka ina tambaya, ruwan ina yaron ya sha? Su ce min na rijiya, ido cikin ido, in danna a waya in yi godiya. Ashe duk garin ne ke wasa da hankalina, Innata ce kuma shugabar 'yan wasan.

“Na daɗe ina ɗibar ruwan gidajen da ba su da bokiti ina gwadawa, yana fitowa tas kamar na masu shi,” ya ce. “Na zargi kwalaben gwajin, na zargi kaina. Kin san abin da zai faru? Za a duba a ga babu bambanci. A ce bokitin ba ya tsinana komai, a rufe maganar, ƙauyukan da ke jira su ci gaba da shan abin da suke sha.”

“To so kake a mayar da Ƙarama kan ruwan rijiya?”

“Na ce haka?”

“Me ka ce to?”

“Na ce zan zo in ga Baba da la'asar.” Ya hau babur ɗinsa ya bar ni da hayaƙi.

Ko gida ɗaya ban shiga tambaya ba, namu na nufa. Inna na ƙarƙashin rumfa, gaban bokitin nata da ta ɗora a kan kujera ta lulluɓe da farin leshi, leshin da ko taɓawa ba ta bari mu yi. Na zarce bayan madafa inda aka jingine tsofaffin tabarmi, na yaye. Jarkoki ne a jere, kowace an ɗaura mata ƙyallen atamfa a wuya don a gane ta gidan wa.

“Inna, mene ne wannan?”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. “Jarka. Ko a jami'ar taku wani suna gare ta?”

“Kin san kin rusa aikin mutane? Kin san ni kika mayar sakarya a gari?”

“Ke kika mayar da kanki. Yarinya da idonta biyu tana kwana gida ɗaya da abu wata da watanni ba ta gani ba, don hankalinta na kan waya.” Ta murɗa famfo ta tara kofi. “Ba mu gaya miki ba don bakinki ba naki ba ne yanzu, na Mai Sikeli ne. Ni in sha garau jikata ta sha laka, don an cusa hannu a ƙwarya an zaro takarda? Ba a haifi wanda zai sa ni ba.”

“Inna, an yi bayani, kowa ya yarda. Ke ma kin ɗaga hannu.”

“Na ɗaga mana. Da ban ɗaga ba da bokitin ya shigo?”

Kun ji fa. Da wannan matar ake so a yi bincike.

Na shige ɗaki na faɗa kan katifa. Na rubuta masa, “Don Allah in ka zo ka bi Inna a hankali.” Shiru. Na sake, “Kada ka kira kowa sai kun yi magana da Baba.” Alamar ya karanta ta fito, shiru. Na ƙara da, “Ni fa ban yi maka komai ba,” na goge, na sake rubutawa, na tura. Na jefar da wayar, na rarumo ta, na sake jefarwa. Ɗinkin da tela ya kawo min na ranar Asabar yana rataye jikin ƙusa a cikin leda, shuɗin leshi mai duwatsu a wuya, sai ƙyalli yake min kamar da gayya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin da ya sa na fara son mutumin nan shi ne abin da nake tsoro jiya. Ba ya kwana da ƙarya. Ranar da ruwa ya hana mu kaiwa wata unguwa, abokan aiki suka ce a cike amsoshin a zaune tunda wa zai sani, shi ya naɗe wando ya shiga taɓo, na bi shi ina mita ina jin daɗi. A ranar na ce a raina wannan ko a bayan idona ba zai ha'ince ni ba. Ban taɓa kawo cewa wata rana gidanmu ne zai faɗo a kan hanyarsa ba.

Da la'asar ya yi sallama, cikin farar shadda da hula, har da turare. Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. A ƙa'ida Inna ba ta zama inda Mai Sikeli yake, daga bayan labule take amsa gaisuwarsa. Jiya kuwa kujera ta jawo ta dasa a gabansa, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Matar wana ta laɓe a madafa tana ƙwanƙwasa tukwanen da babu komai a ciki. Ni ina bakin ƙofar ɗaki, falmaran ɗin ma ban tuna na cire ba tun safe.

Ya gaishe su har ƙasa, sannan ya yi bayani. Ko ina fushi sai na faɗi gaskiya, ya yi shi da kyau. Bai ɗaga murya ba. Ya ce bai zo ganin laifin kowa ba, ko shi ne da jika zai ji abin da Inna ta ji.

“Amma Inna, ba garin nan kaɗai nake zuwa ba. Akwai inda na auna yaro, wata na zagayowa na koma aka nuna min takalmansa. Su ko ƙuri'ar da za su faɗi ba su samu ba. Abin da aka gani a nan shi ne zai kai musu bokitin.”

“Allah ya jiƙansa,” Inna ta ce. “Wato so kake ni ma in nuna maka takalman Ƙarama, aikinka ya fita da kyau.”

“Subhanallahi! Inna, ba haka...”

“To yaya? Bambancin da kake nema a jikin wa zai fito? Ba sai 'ya'yan wasu sun kwanta ba sannan ka gan shi?”

Ya ce, “Mun koya wa kowa tafasa ruwa. Ba mu ce a sha ɗanye ba.”

“Da wane itacen? A daminar nan? Shiga madafa ka ga hawayen da matar ɗana ke zubarwa kafin wuta ta kama, sannan ka zo ka ce min a tafasa wa yara ruwan yini guda.”

“Da kun faɗa mana tun farko, da an san yadda aka yi. Ɓoyewar ce ta...”

“Kai, yaro.” Ta nuna shi da yatsa. “Ka shigo gari ka raba uwa da 'ya, ka ce wannan ta sha wannan kada ta sha, sannan ka kafa hula ka zo neman 'yata? In ta haifa maka ma ƙuri'a za ka jefa a kan 'ya'yan?”

Na ce, “Inna!” Ta watso min hararar da ta sa na haɗiye sauran.

A nan ne nasa haƙurin ya suɓuce. Idanunsa suka yi ja, ya ce, “Abin da aka karɓa da alkawari amana ne, Inna. Ba mu muka karya ba.”

Innalillahi. Na rufe fuska da mayafi. Kai da ka zo neman aure, uwar yarinya kake kira maciya amana a tsakar gidanta?

Baba, wanda tun ɗazu yake jan carbi yana kallon ƙasa kamar ba a gidansa ake yi ba, ya yi gyaran murya. Halin Baba ke nan, ba ya magana sai abu ya gama dagulewa, in ya yi kuma ba ya janyewa.

“Malam, na ji taka, ga tawa. Abin da ya faru a layin nan ya tsaya a layin nan. Ka ci gaba da awonka, ka rufa mana asiri. In ka kai maganar sama aka zo aka kwashe bokitan nan, ko aka hana masu jira nasu, ni ne zan kasa shiga jama'a, a riƙa nuna ni ana cewa surukina ne ya jawo. In haka za ka yi, ka sanar da manyanka kada su wahalar da ƙafafunsu ranar Asabar.”

Na zuba wa Mai Sikeli ido ina roƙonsa a zuci. Ka ce za ka yi tunani. Ka ce sai gobe. Ka ce komai ma, mu dai mu samu mu numfasa.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. “Baba, ka gafarce ni. Na riga na kira Farfesa, shugabanmu, tun da na bar gidan Yaya. Zai zo da kansa. Ban san abin da zai yanke ba.”

Tukwanen madafa suka yi tsit. Tun safe! Ina nan ina tura masa saƙo kamar zararriya, kada ka kira kowa, ashe yana karantawa aikin gama ya riga ya gama. Shaddar da turaren duk na zuwa sanarwa ne. Bai ga darajata da zai ce min Auta, ga abin da na yi, ki shirya ba.

Baba ya naɗe carbinsa ya sa a aljihu ya miƙe. “To ka dai ji tawa.” Ya shige ɗaki ya saki labule.

Inna ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tashi ta zagaya bayan madafa, ta dawo da jarka cike mai jan ƙyalle a wuya, ta dire a gabana.

“Na yamman Ƙarama ne. Kullum a ɓoye ake kaiwa, yau ɓoyo ya ƙare. Ke za ki kai, a kanki, da rigar aikin nan taki.”

“Inna, don Allah kada ki sa ta,” ya ce.

“Da kai nake? Har yanzu dai 'yata ce.”

Ku da za ku ce ai da na ƙi, ku zo ku ƙi in gani. Na dube shi, na dube ta, kowa na jira ya ga ni ta wace ce. Tun safe ake ja na nan da can, babu wanda ya tambaye ni me nake so. Na yi gammo da tsohon zani, na sunkuci jarkar na ɗora.

Layinmu bai taɓa yi min tsawo irin jiya ba. Tela ya tsayar da kekensa. Masu hira a gindin bishiya suka kalli tambarin ƙirjina, suka kalli abin da ke kaina, hira ta mutu. Mata na leƙe ta saman katanga. Ruwa na ɗiga ta murfi yana bin wuyana. A bayana ina jin ƙarar sarƙar babur, bai tayar ba, turawa yake da farar shaddarsa a cikin taɓo.

A ƙofar gidan Yaya ya sha gabana.

“Auta, tsaya ki ji. Farfesa ya tambaye ni ko akwai ma'aikacinmu a ciki. Na ce babu. Na ce ke 'yar gidan ce amma na tsaya miki, ko kofi ba ki taɓa ɗauka ba. In kika shiga da jarkar nan maganata ta zama ƙarya, dole in kira shi in gyara, aikinki kuma ya tafi. Ki ajiye ta a nan, Yaya ta fito ta ɗauka.”

Ya tsaya min. Wannan kalmar ta shige ni, don ina son mutumin nan har a lokacin da nake jin kamar in shaƙe shi. Amma haushi ya fi ƙarfi.

“Ka kai ƙarar gidanmu ba ka gaya min ba. Ka rantse a kaina ba ka gaya min ba. Yanzu kuma in sauke don rantsuwarka ta tsira? Kai da Inna duk ɗaya kuke, kowa ya gama shirinsa sannan ya kira Auta ta ɗauka.”

“Ba don kaina ba ne. Don mu ne. Asabar...”

“Baba ya soke Asabar, ko ba ka ji ba?”

“Baba zai huce. Wannan kuwa in ta fita ba ta dawowa. Kin san ni, Auta. Kada ki sa ni.”

“Na san ka mana. Yau na ƙara sanin ka.”

Ƙarama ta hango ni daga zaure. Ta san jarkar, ta san lokacin. Ta ruga ciki ta dawo da ɗan kofinta na roba tana ɗagawa sama. “Anti, ruwa!”

Wuyana ya gaji. Na ce masa, “Matsa min.”

Bai matsa ba. Na raɓa ta gefensa na shige.

Na sauke jarkar a gindin randa, na tsuguna na tsiyaya mata. Yaya ta fito tana salati ganina da rigar aiki, tana tambayar me ya faru. Katangar gidan gajera ce. Ina riƙe da kofin a bakin yarinyar, ina addu'a in ji babur ya tashi, ya tafi ya huce, ya bar min ko da zuwa gobe. Babur bai tashi ba. Muryarsa na ji, a nutse, irin wadda yake gaida manya da ita.

“Ranka ya daɗe, Farfesa, ni ne kuma. Akwai gyara a maganar da na faɗa maka ɗazu.”

Ƙarama ta shanye, ta goge baki da bayan hannu, ta miƙo min kofin. Na ƙara mata.